Ku Tambayi Injiniya: Wa Ke da Ikon Taɓa Babbar Ƙofar Ruwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓa a wannan fitowar, biyu daga Jigawa ɗaya daga Kano, masu su ba su san juna ba amma in ka tona za ka ga ciwo ɗaya ke damunsu. Na bar su yadda aka turo, ɗan gyaran rubutu kawai na yi.

TAMBAYA (daga wani ɗalibi, wani ƙauye ta hanyar Roni)

Salam Malam, da fatan kana lafiya ya iyali ya aiki. Ni ɗalibi ne ina karanta ilimin kwamfuta a Kazaure, yanzu muna hutu ina gida ina taya baba cirar gyaɗa, in na samu caji da daddare sai in buɗe laftof. Wani malaminmu ya ce duk mai son ya iya C na gaske to ya je ya karanta kod ɗin QEMU, shi ne na sauke shi na shiga ɓangaren da ke kula da disk, sai na ga fayil uku masu kusan suna ɗaya wato block-common.h da block-io.h da block-global-state.h, kuma a farkon fankishin da yawa sai in ga an rubuta GLOBAL_STATE_CODE() ko IO_CODE(), na bi IO_CODE ɗin har inda aka bayyana shi wallahi Malam babu komai a ciki fanko ne. To meye amfanin rubuta abin da ba ya yin komai? Kuma me ya sa suka raba abu ɗaya gida uku, ba wahala suka ƙara wa kansu ba?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a gyaɗar, ka gaishe min da baba. Malaminku ya ba ka shawara mai kyau, kuma inda ka faɗa ɗin nan ka ɗora yatsa ne a kan abin da mutanen QEMU suka shafe shekaru suna fama da shi.

Bari in ɗan ja baya saboda sauran masu karatu. C yaren rubuta manhaja ne, kod shi ne rubutun umarnin da manhajar ke bi, fankishin kuma ɗan guntun kod ne mai suna da ake kira ya yi wani aiki guda. QEMU manhaja ce da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, ka ɗauki inji ɗaya ka yanka shi ya zama biyar ko goma, kowanne da Windows ɗinsa ko Linux ɗinsa, kowanne yana jin kamar shi kaɗai ne a gidan. Wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ne ya fara ta a 2003, sai a 2007 aka shigar da KVM cikin Linux, wanda shi ya ba baƙuwar kwamfutar damar gudu kai tsaye a kan furosesa ba sai an tsaya ana fassara mata kowane umarni ba. Da yawa daga cikin kamfanonin da ke ba da hayar saba a duniya a kan waɗannan biyun suke zaune.

To ita manhaja in tana gudu ba dole da hannu ɗaya take aiki ba. Tana iya raba kanta, sassa da yawa suna tafiya a lokaci guda amma duk daga memori ɗaya suke ɗiba, kowane sashe shi muke kira zare. A QEMU kowace furosesa ta baƙuwar kwamfuta tana da zarenta, sannan ga babban zare mai karɓar umarni daga mai gudanarwa, sannan ga wasu zaruruwan na aikin disk. Matsalar tana fitowa ne in zare biyu suka kai hannu kan abu ɗaya. Ka ɗauki mai shago a garinku da yaran shago biyu da littafin bashi ɗaya. Ana bin wani magidanci 5,000. Ya aiko ɗansa ya karɓi sabulu na 1,000 wajen yaro na farko, a daidai wannan lokacin uwargida ta aiko a karɓo man gyaɗa na 2,000 wajen na biyu. Na farko ya leƙa littafi ya ga 5,000, na biyu ma ya leƙa ya ga 5,000, na farko ya rubuta 6,000 ya juya, na biyu ya zo ya soke ya rubuta 7,000. Abin da ya kamata a gani 8,000 ne. Dubu ɗaya ta salwanta kuma babu wanda ya yi sata, babu wanda ya yi kuskuren lissafi, kowa daidai ya yi. Wannan shi ne rige-rige, kuma muninsa shi ne sau dubu za a yi ciniki lafiya lau sai a na dubu da ɗaya abin ya faru, ranar da ka zauna ka zuba ido kana jira kuma ba zai faru ba.

Maganin farko da kowa ke kaiwa gare shi shi ne a ce biro ɗaya ne a shagon, wanda bai riƙe biron ba ko leƙa littafin kar ya yi. QEMU haka ta yi, makulli ɗaya ƙato da ake kira BQL, duk zaren da zai taɓa kayan gida sai ya riƙe shi. Ya yi aiki shekara da shekaru. Amma da disk suka yi sauri, aka bar masu faifai mai juyawa aka koma SSD da NVMe, sai layin jiran biro ya zama shi ne cikas ɗin, disk na zaune yana jiran aiki zaruruwa na tsaye suna jiran makulli. Shi ya sa a tsakanin 2013 da 2014 aka fito da zaruruwa na musamman da ake kira iothread, su aikinsu kawai karatu da rubutu a disk kuma ba sa riƙe babban makullin.

Nan fa aka shiga wani hali. Fayil ɗaya ne block.h, cike da fankishin masu farawa da bdrv_, wasu dole sai kana riƙe da BQL za ka kira su, wasu kuma daga kowane zare za ka iya, kuma a fuska duk kamarsu ɗaya. Ta ina sabon shiga irinka zai gane wanne ne wanne? Babu. Ilimin yana kan wasu 'yan tsirarun dattawan aikin, in sun ga gyaran da ka turo su ce a'a wannan ba a kiransa daga nan, in kuma ya kuɓuce musu shikenan ya shige, sai bayan watanni wani a wata ƙasa ya ga injinsa ya daskare ba dalili. Rabawar da ka gani ta shigo ne a QEMU 7.0 a shekarar 2022, kuma manufarta a kwashe wancan ilimin daga kawunan mutane a zuba shi a inda kowa zai gani.

Ni a yankin Kura na tashi, saboda haka duk lokacin da na karanta waɗannan fayil ɗin noman rani nake tunawa. Ruwa na tasowa daga dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, ya biyo babban kanal ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam, ya rarrabu a ƙananan kanal har ya iso bakin gonar mutum. Aiki iri biyu ne a wurin kuma duk manomi ya san bambancinsu ko ba a faɗa masa ba. Akwai ka tsoma bututunka a ƙaramin kanal ka ja ruwa zuwa fadamarka ta shinkafa ko tumatir, wannan mutum ɗari za su yi a lokaci ɗaya kowa a bakin gonarsa ba wanda ya tsare wa wani. Akwai kuma buɗe babbar ƙofa ko rufe ta, ko karkatar da ruwa daga wannan reshe zuwa wancan, ko fasa wata sabuwar hanya, wannan ba na kowa ba ne, na ma'aikacin hukumar kogin Haɗeja da Jama'are ne mai riƙe da makulli, domin in ya taɓa ta gonar kowa sai ta ji.

To block-io.h shi ne bututu a bakin gona. Karanta wannan yanki na disk, rubuta wancan, irin su bdrv_co_preadv, kowane zare na iya kira. Shi kuma block-global-state.h shi ne babbar ƙofa, buɗe sabon disk da bdrv_open, rufe shi, canza wane fayil ke ƙarƙashin wane, duk abin da ke sauya fasalin hanyar ruwan kanta, waɗannan sai da BQL a hannu. Na ukun block-common.h kuwa kayan da kowa ke amfani da su ne waɗanda ba ruwansu da wannan rigimar, kamar fasalin bayanai da ƙananan fankishin na taimako. Kuma akwai dokar waye zai kira waye, ka duba sharhin da ke saman kowane fayil za ka gan ta. Mai babbar ƙofa yana iya kiran kowa, ai ma'aikacin hukuma ma yana iya tsugunnawa ya tsoma bututu. Mai bututu kuwa ba shi da ikon kiran fankishin na babbar ƙofa, iyakarsa 'yan uwansa da na gama-gari. Su kuma na gama-gari ba sa kiran kowa sai junansu. Akwai rukuni na huɗu ƙarami mai alamar IO_OR_GS_CODE(), na waɗanda suka raba ƙafa, kuma ni a ganina kasancewarsa ma gaskiya ce suka faɗa, tsohon gini ba ya rabuwa biyu cif a rana ɗaya, gara a ware wa masu wuyar sha'ani wurinsu da sunansu da a cusa su inda ba nasu ba.

Wani abu da zai ƙara maka haske, ka nemi bdrv_drained_begin. In za a gyara kanal ba a shiga da diga ruwa na gudu, sai an tsayar da shi daga sama a jira wanda ya riga ya shigo ya wuce ƙasa ta tsane. Wannan fankishin ɗin abin da yake yi kenan, ya hana sabon karatu da rubutu shigowa, ya jira waɗanda ke kan hanya su kammala, sannan babban zare ya yi sauyin da zai yi, sannan bdrv_drained_end ya sake sakin ruwa.

Yanzu ga tambayarka ta fanko. GLOBAL_STATE_CODE() ba fanko ba ne, ka sake bin sa za ka ga assert ne, umarnin da ke duba ko sharaɗi ya cika, a kan qemu_in_main_thread(), wato in zaren da ba shi da izini ya shigo nan take manhajar za ta faɗi ta nuna maka sunan fayil da lambar layi. Wani zai ce faɗuwa ai ba abin so ba ce. Wallahi ita ce abin so, domin zaɓin da ke gabanka biyu ne, ko ta faɗi yau a gaban mai gwaji ta nuna masa inda laifin yake, ko ta yi shiru ta lalata disk ɗin wani asibiti bayan wata shida ba wanda ya san mafari. Shi kuma IO_CODE() gaskiyarka babu komai a cikinsa, kuma dalilin mai sauƙi ne, tunda kowane zare na da izinin shiga to wa za a tsare a ƙofa? Babu abin dubawa. Amma ba don kwamfuta aka rubuta shi ba, don kai aka rubuta. Yana gaya wa duk wanda zai taɓa fankishin ɗin gobe cewa ka kula, nan wurin mutane da yawa ke shiga lokaci ɗaya, kar ka kira bdrv_open daga nan, kar ka ajiye abu a wani wuri na kowa da kowa ba makulli. Sannan in ka buga grep, umarnin neman kalma a cikin fayil, a kan kalmar za ka samu jerinsu gaba ɗaya cikin daƙiƙa, abin da sharhi na zube ba zai ba ka ba domin kowa da yadda yake rubuta nasa. Daga baya ma sun ƙara gaba, a ƙarshen 2022 suka fara sa alamu irin su GRAPH_RDLOCK waɗanda kwamfaila ta Clang, wato manhajar da ke mai da kod ya zama abin da inji zai gudanar, ke dubawa tun lokacin haɗa manhajar, in ka kira fankishin ba ka riƙe makullin da ya dace ba tun kafin a kunna za ta tsayar da kai.

Ka ƙara da wannan tunda kana cikin kod ɗin. Shekaru da yawa sunan fankishin da ke ɗaukar babban makullin shi ne qemu_mutex_lock_iothread. Ka ga kalmar iothread a ciki ko? To ba shi da alaƙa da zaruruwan iothread da na faɗa maka, hasali ma su ne waɗanda ba sa riƙe shi. Sunan ya samo asali ne tun zamanin da babban zaren ake kira da haka, zamani ya wuce suna ya zauna, duk sabon shiga sai ya ruɗe. Sai a farkon 2024 aka canza shi ya koma bql_lock, ya fito a QEMU 9.0. In wanda ka sauke sabo ne bql_lock za ka gani.

TAMBAYA (daga wata mai karatu, wajen Birnin Kudu)

Injiniya barka da aiki. Ni nake riƙe wa ƙungiyar mata manoma ta yankinmu lissafin bashin taki da iri, da a littafi muke yi sai na rubuta 'yar manhaja a C da na koya a makaranta, tana da zare ɗaya mai karɓar abin da na shigar da hannu da wani zaren mai karɓar saƙon waya in wakilanmu na ƙauyuka sun turo cewa wance ta biya. Tana aiki lafiya amma sau biyu yanzu jimillar kuɗi ta ƙi daidaita da ta littafi kuma na duba lissafin babu kuskure, ƙanina ya ce in sa makulli na sa, sai kuma ta fara daskarewa gaba ɗaya sai na kashe na kunna. Yanzu ni kaina na manta wane fankishin ne ke sa makulli da kansa wanne ne sai na sa masa. Dan Allah akwai wata ƙa'ida ta sa suna da zan bi?

AMSA

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri, kuɗin mata manoma amana ce mai nauyi kuma na ji daɗi da ba ki yar da littafin takarda ba, ki ci gaba da riƙe shi har sai kin yi wata uku lissafi bai saɓa ba.

Abu biyu suka same ki. Na farkon rige-rige ne irin na yaran shago da na faɗa a sama. Na biyun cirko-cirko ne, kuma daga yadda kika kwatanta ina kyautata zaton fankishin ɗaya ya riƙe makulli sannan ya kira wani wanda shi ma yake neman wannan makullin, sai zaren ya tsaya yana jiran abin da ke hannunsa, har abada. Makullin pthread, wato kayan aikin zaruruwa na C, na yau da kullum haka yake, ba ya gane cewa ai kai ne mai riƙe da shi.

Ƙa'idar suna akwai, amma bari in gaya miki gaskiya ba guda ɗaya ba ce kuma wani wurin ma suna cin karo. A cikin fankishin da ke zuwa tare da C akwai strtok mai yanka rubutu gunduwa-gunduwa, wanda ke ɓoye inda ya tsaya a wani wuri guda na cikinsa, zare biyu suka kira shi sai su tattake wa juna sawu, shi ya sa ƙa'idar POSIX ta tsarukan aiki irin su Linux ta kawo strtok_r inda ke da kanki za ki ba shi wurin ajiya. Haka localtime da localtime_r, kuma ki je ki duba yanzu domin manhajar da ke rubuta ranar biyan bashi da wuya a ce ba ta kira localtime ba, in zaruruwanki biyu duk suna kiransa to kin samu ɓaraka ɗaya tun kafin mu je ko'ina. Wannan _r ɗin alama ce mai kyau, harafi ɗaya ya gaya miki komai. Amma ki dubi wannan. A stdio, ɓangaren C na karatu da rubutu, akwai getc_unlocked, ma'anarsa ni ba na sa makulli, ke ki sa kafin ki kira ni. A cikin kod ɗin Linux kuma za ki ga fankishin da yawa masu ƙarewa da _locked, ma'anarsu mai kirana ya riga ya sa makulli, ni ba na sawa. Kin gani? Kalmomi biyu kishiyoyin juna, saƙo ɗaya. Wanda ya saba da ɗaya in ya je gidan ɗaya sai ya fahimci abin a juye. Saboda haka kar ki dogara da cewa kalma za ta bayyana kanta, ki zaɓi naki tsarin ki rubuta shi a saman fayil da jimla biyu, ki bi shi ba togiya.

Ni abin da ya koya min wannan, a wani wuri da na taɓa aiki akwai fankishin da sunansa ke nuna dubawa kawai yake yi ya dawo da adadi, kowa na kiransa daga ko'ina hankali kwance tunda ai mai dubawa ba ya ɓarna. Ashe wani ya zo daga baya ya ƙara masa 'yar ma'ajiya a ciki don ya yi sauri, ya zama duk kira sai ya yi rubutu, kuma bai canza sunan ba. Sati uku muka yi muna neman abin da ke ɓata mana bayanai, mun zargi disk mun zargi wuta mun zargi juna, ba wanda ya kalli wannan fankishin ɗin ko sau ɗaya saboda sunansa ya riga ya wanke shi. Har yau in na tuna raina na ɓaci, ba don wahalar ba, don mutanen da bayanansu suka lalace a tsakanin.

Ga abin da zan yi in ni ne ke. Kin san adashi, kowa na iya zuwa ta tambayi ina aka kwana, amma uwar adashi kaɗai ke rubutu a littafi. Ki mai da zare ɗaya uwar adashi. Duk abin da ke canza kuɗi, buɗe sabon asusu, ƙara bashi, rage bashi, ki sa masa suna mai farawa da uwa_, kamar uwa_rage_bashi, ki tara su a fayil ɗaya, kuma layin farko na kowannensu ya zama assert da ke duba cewa pthread_self daidai yake da zaren uwar, da pthread_equal ake gwadawa. Zaren saƙon waya kar ya taɓa kuɗi ko kaɗan, in saƙo ya zo ya jefa shi a layi kawai, uwar ta zo ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya ta rubuta. Fankishin na jefawa a layin shi ne zai fara da kowa_, kamar kowa_jefa_sako, a fayil na daban, shi ke sa makullinsa da kansa ya cire da kansa kuma ba ya kiran komai yana riƙe da shi. Kin ga makulli ya koma wuri ɗaya tak, bakin layi, maimakon ya warwatsu a ko'ina har ki manta. Da Hausa ma za ki iya sa sunayen, kwamfaila ba ruwanta, ki dai guji haruffa masu lanƙwasa a cikin kod. Kuma kafin ki canza komai ki haɗa manhajar da -fsanitize=thread a gcc ko Clang ki gudanar da ita ki turo saƙonni da yawa a jere, zai nuna miki layukan da zaruruwan ke karo, ina so ki gan su da idonki tukunna.

TAMBAYA (daga wani mai cibiyar koyon kwamfuta, wajen Dambatta)

Ranka ya daɗe ni ba mai rubuta manhaja ba ne, ina da saba ɗaya da Proxmox a kai, inji huɗu a ciki, ɗaya na yara masu gwajin jarrabawar JAMB. Na ga wani akwati an rubuta IO thread ban taɓa shi ba ina tsoro. Kuma ni a tunanina me zai hana a sa makulli ɗaya a kan komai kowa ya huta?

AMSA

Alhaji tunaninka ba laifi, kuma manya sun bi ta nan. Linux ta sa makulli ɗaya ƙato a 1996 lokacin da ta fara aiki da furosesa fiye da ɗaya, ba a gama cire shi ba sai 2011. Python ma tana da nata mai suna GIL, sai a 2024 da fitowar 3.13 aka fara ba da nau'in gwaji da ba shi. Makulli ɗaya yana da sauƙin fahimta kuma da wuya ya kai ka cirko-cirko, ga ƙaramar manhaja ni kaina shi nake ba da shawara. Inda yake cutarwa shi ne in aiki ya yi yawa, ka sayi inji mai furosesa takwas amma bakwai na tsaye a layi, sannan duk shekarar da ya ƙara a wurin sai kod ya ƙara jingina da shi ba tare da an rubuta a ko'ina ba, ranar cirewa kuma sai an bi fankishin ɗaya-ɗaya ana tambaya wannan me yake karewa. Shekara 15 ɗin Linux a nan suka tafi.

Akwatin da ka gani kuwa shi ne iothread ɗin da na yi wa ɗalibin Roni bayani, domin Proxmox QEMU ce a ƙarƙashinta. In ka sa masa alama disk ɗin wannan injin zai samu zarensa na kansa, ba zai riƙa bin layi da sauran aikin babban zare ba. Ga injin yaran jarrabawa, inda mutum talatin ko arba'in ke danna amsa kusan lokaci ɗaya, zai iya taimakawa. In disk ɗin nau'in SCSI ne ka tabbatar kwantirolan yana kan VirtIO SCSI single, in ba haka ba alamar ba za ta yi aiki ba. Ka ɗauki bakof tukunna, ka yi canjin da yamma bayan yara sun tashi, ka kashe injin gaba ɗaya daga Proxmox sannan ka kunna, domin sake kunnawa daga cikin Windows ba ya sa sabon saitin ya hau. Sauran ukun in ba su da nauyin disk ka bar su yadda suke. Ka kuma duba batirin inbatarka kafin lokacin jarrabawa, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a disk babu saitin da zai cece ka, ka rubuto min ka gaya min awa nawa yake riƙe sabar in an ɗauke wuta.